BAC: Kalmomin da ke kayar da ɗalibai tun kafin su fara amsa tambaya

Da misalin ƙarfe goma na dare, a wata unguwa ta birnin Maraɗi, samari shida ne tsaye gaban wani baƙin allo da aka shafa a jikin katanga, ƙarƙashin fitilar titi mai aiki da hasken rana. Butar shayi na tafasa a kan gawayi a gefe, ba wanda ya kula ta. Dukansu ƴan ajin ƙarshe ne na lise, wato taraminal, ɓangaren D. Abin da ya hana su barci wata tambaya ce ta lissafin yiwuwa da suka ciro daga tarin tambayoyin BAC na shekarun baya: an zuba ƙwallaye ja da farare a cikin tukunya, an ɗebo uku a tare, ana son a faɗi yiwuwar samun "au moins une" ja.

Huɗu daga cikinsu sun yi lissafi mai tsabta, babu kuskure a ninkawa ko a rabawa, amma amsarsu ta saɓa da ta littafin. Sai da aka kwashe kusan rabin awa ana gardama kafin ɗayansu ya gano inda gizo ke saƙa. Su huɗun sun lissafa yiwuwar samun ja guda ɗaya tak, alhali "au moins une" na nufin aƙalla ɗaya: ɗaya, biyu da uku duk sun shiga ciki. Lissafi dai sun iya shi. Ƙananan kalmomi biyu na Faransanci ne suka kayar da su.

A wannan daren abin ya ƙare da dariya da zolaya. A ɗakin jarrabawa kuwa babu aboki da za a yi gardama da shi, babu littafin amsa, ba a kuma shiga da ƙamus. Wanda bai gane tambaya ba zai cika shafuka da amsar wata tambayar da ba a yi masa ba.

Ƙofa ɗaya, jama'a da yawa

A Nijar, BAC ce ƙofar jami'a. Wanda ke son shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ko sauran jami'o'in jihohi, sai ya bi ta nan. Hukumar OBEECS ce ke shirya ta a ƙarshen kowace shekarar karatu, ana ba da maki a kan 20, kuma sai jimillar makin ɗalibi ta kai matsakaicin 10 kafin a ce ya ci. Waɗanda suka kusa kaiwa ana ba su damar zagaye na biyu. A shekarun baya-bayan nan, waɗanda ke cin jarrabawar ba sa kai rabin masu zama, sau da yawa ma mutum ɗaya ne cikin uku ko cikin huɗu.

Bayan kowane suna da bai fito ba akwai gida. Akwai uban da ya sayar da buhun wake ko tunkiya ya biya kuɗin makaranta mai zaman kanta, akwai yaron ƙauye da ya shekara uku yana kwana a zauren wani ɗan uwa a birni, akwai kuma yarinyar da aka yi wa alkawarin za a bar ta ta ci gaba in ta ci, in ta faɗi kuwa maganar aure ce za ta taso. Idan sakamako ya fito, akan ɗora laifi a kan cunkoson ajujuwa, ƙarancin malamai da littattafai, yajin aiki, da rashin kammala tsarin karatu na shekara. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata matsala da ba a cika ambata ba, wadda ke ƙarƙashin sauran, kuma ita ce ɗalibi zai iya fara magancewa da kansa tun yau: ƙarancin kalmomi a harshen da ake yin jarrabawar da shi.

Inda ramin ya faro

Yawancin ƴan makarantar Maraɗi, Damagaram da Tawa da Hausa suka tashi, wasu da Fulatanci, Barbarci ko Buzanci. Faransanci a lakkwal suka fara haɗuwa da shi, kuma da an tashi daga aji a ƙofar makaranta yake tsayawa. A gida, a kasuwa, a fada, a kan kabu-kabu, Hausa ake yi. Yaro zai iya shekara goma sha uku a makaranta, daga ajin farko zuwa taraminal, bai taɓa yin hirar minti goma da Faransanci a wajen aji ba.

Awon da shirin PASEC na ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya yi a ƙasashe goma a 2014 ya nuna cewa a Nijar, fiye da tara cikin goma na yaran da ke kammala firamare ba su kai matakin da ake buƙata ba a karatu. Da aka sake awon a 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawan yaran suna ƙasa da matakin. Waɗanda aka auna a ajin ƙarshe na firamare a 2019, in ba su maimaita aji ba, su ne ƴan taraminal na shekarar karatu ta 2025-2026.

Yaron da bai gane abin da aka rubuta ba, amma dole ya ci jarrabawa, hanya ɗaya ce ta rage masa: hadda. Malam ya karanto darasi, ɗalibi ya kwafa a kaye, ya haddace, ranar gwaji ya juye. Wannan dabara takan kai mutum har ya wuce birebe. A BAC kuwa ƙarfinta ke ƙarewa, domin tambayoyin falsafa, Faransanci, tarihi da kimiyyar rayuwa ana gina su ne a kan matani ko zance da ɗalibi bai taɓa gani ba. Sai ya karanta, ya gane, sannan ya yi amfani da abin da ya sani.

Kalma nawa ke isa?

Masu binciken koyon harsuna sun auna wannan. A wani bincike da Marcella Hu da Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan suka wallafa a 2000 a kan masu koyon Turanci, sun gano cewa mai karatu na buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya fahimce shi sosai ba tare da taimako ba. In muka auna da matani mai kalmomi 600, irin wanda ake ba ɗalibi ya taƙaita, kashi 98 na nufin kalmomi 12 ne kawai baƙi a wurinsa. Wanda ya san kashi 90 zai ɗauka yana da ƙoƙari, amma kalmomi 60 ne suka ɓace masa, ɗaya a cikin kowace goma, kusan a kowane layi ke nan. Kuma waɗanda ke ɓacewar su ne masu ɗauke da nauyin zancen.

A shekarun 1950, wasu masana a Faransa ƙarƙashin jagorancin Georges Gougenheim sun naɗi hirarrakin mutane, suka fitar da jerin kalmomin da aka fi amfani da su, wanda aka sani da Français fondamental. Matakin farko na jerin kalmomi kusan 1,500 ne. Da su mutum zai yi gaisuwa, ya yi ciniki, ya ba da labari. Ɗaliban lise da yawa sun mallaki wannan matakin, shi ya sa suke ganin sun iya Faransanci. Harshen takardar BAC kuwa na littafi ne, kuma mafi yawan kalmominsa ba a jin su a hira.

Kalmomi iri uku masu haɗari

Ba kowace baƙuwar kalma ce ke kayar da mutum ba. In aka duba tambayoyin shekarun baya, za a ga iri uku ne suka fi ɓarna.

Na farko su ne kalmomin umarni, waɗanda ke faɗa wa ɗalibi abin da ake so ya yi. Ni kaina da nake wannan rubutu ɗaya daga cikinsu ta taɓa kayar da ni. A jarrabawar gwaji ta shekarar da na zauna BAC, an kawo zancen wani marubuci, aka ce "appréciez". A sanina na lokacin, apprécier na nufin so ko yabawa. Na zauna na cika shafi huɗu da yabon mutumin. Da aka maido takardu na samu 5 a kan 20, malamin ya ja layi ja ƙarƙashin kalmar guda ɗaya. A harshen jarrabawa, ma'anarta a auna zancen, a nuna inda yake da ƙarfi da inda ya gaza. Haka "discuter": a titi hira ce, a takarda kuwa a kawo hujjojin da ke goyon baya da waɗanda ke suka, sannan a yanke matsaya. "Étayer" a tokare zance da hujja da misali, "réfuter" a rushe shi. "Dans quelle mesure" na tambayar iyakar inda abu yake gaskiya, don haka wanda ya amsa da e ko a'a kawai bai amsa ba. A lissafi, "vérifier" a gwada amsar da aka riga aka bayar, "démontrer" a kafa hujja daga tushe, "en déduire" kuwa gargaɗi ne cewa amsar na cikin tambayar da ta gabata, kada a ɓata lokaci a sake sabon lissafi. Irin waɗannan kalmomi ba su da yawa, shafi biyu na kaye zai ɗauke su, kuma kowace shekara suna dawowa.

Na biyu su ne kalmomin haɗi, masu nuna inda zance ya dosa: donc, or, cependant, néanmoins, toutefois, en revanche, en effet, d'ailleurs. Ɗalibin da ya san "or" da ma'anar zinariya kaɗai zai rikice idan ya gan ta a farkon jimla, inda take nufin "alhali kuwa". Wanda bai san "néanmoins" na nufin "duk da haka" ba, ba zai lura marubuci ya juya ba, sai ya taƙaita matanin ya jingina masa ra'ayin da yake suka. Da yawa kuma na haɗa "en effet", mai ƙarfafa abin da aka faɗa, da "en fait", mai gyara shi.

Na uku su ne kalmomin da ke sauya riga daga aji zuwa aji. "Raison" a hira dalili ce, a falsafa hankali ne, a lissafi kuwa ita ce lambar da ake ƙarawa ko ake ninkawa daga wata gaɓar jeri zuwa ta gaba. "Puissance" a lissafi ninka lamba da kanta ne, a kimiyyar fizik ƙarfin da ake aunawa da wat, a tarihi babbar ƙasa mai faɗa a ji. "Milieu" tsakiyar layi ce a wurin malamin lissafi, muhallin da halitta ke rayuwa a wurin malamin kimiyyar rayuwa. "Culture" noma ne a labarin ƙasa, al'ada ce a falsafa. Haka "solution", "produit", "fonction" da "corps". Waɗannan sun fi baƙin kalmomi haɗari, domin ɗalibi ba ya tsayawa a kansu. Yana ganin ya san su.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Mai jin Hausa ya riga ya san yadda kalma ke haihuwa, ko da bai taɓa lura ba. Daga karanta aka samu karatu, makaranta, makaranci da karantarwa. Daga buɗe aka samu mabuɗi, daga ɗinka aka samu maɗinki da ɗinki. Ba wanda ya haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya, tsarin ne muka sani. Faransanci ma haka yake, sai dai tushen manyan kalmominsa daga Latin da Girkanci suke.

Wanda ya san hydro ruwa ne, bio rai, géo ƙasa, thermo zafi, photo haske, chrono lokaci, poly yawa, mono ɗaya, -logie kuma ilimin abu, zai iya buɗe kalmomi da dama da bai taɓa gani ba. "Hydrolyse" warware abu da ruwa, "géothermie" zafin cikin ƙasa, "monoculture" noman abu iri ɗaya. Haka ɗafa-goshi irin in-, dé-, anti- da re-, da ɗafa-ƙeya irin -tion, -able da -isme. Saboda haka idan an koyi kalma, a koye ta da danginta: produire, produit, production, producteur, productif, productivité. Wahalar guda ce, ribar shida.

Ƴan makarantun Faranko-Arab da duk wanda ya yi karatun allo suna da wata ƙofar. Kalmomin Faransanci da dama daga Larabci suka fito. "Algèbre" daga al-jabr, "algorithme" daga sunan masanin lissafi Al-Khawarizmi, "chiffre" daga sifr, wadda ta ba mu sifiri a Hausa. "Magasin", da muka mayar mangaza, daga makhazin take. Kalmar da aka san asalinta ba ta saurin ɓacewa.

Tambayar da ɗalibai ke yawan yi ita ce ko ya dace a rubuta ma'anar kalma da Hausa. Kakanninmu da suka yi lakkwal a zamanin mulkin mallaka sun san "sambol", abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida, kuma har yau inuwar wannan tsoro ba ta gama barin wasu ajujuwa ba. Amma ƙasar nan ta daɗe da gwada wata hanya: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Hausa ita ce ma'auni mafi sauƙi na gane ko ka fahimci kalma. In za ka iya bayyana wa ƙanenka ko mahaifiyarka ma'anar "inflation" ko "souveraineté" da Hausa har su gane, ka san ta. In abin da kake iyawa kawai shi ne maimaita fassarar da ke cikin kaye, hadda ce ka yi.

Sai dai a kula, kalma ɗaya ba kullum take daidai da kalma ɗaya ba. Kalmarmu "ƙasa" ta ƙunshi terre, sol, pays, État da nation, kuma a falsafa ko tarihi bambancin État da nation zai iya zama shi ne tambayar gaba ɗaya. Ta ɗaya gefen, inda Faransanci ke cewa "porter", Hausa na da ɗauka, goya, saɓa, rataya da sanyawa. Don haka fassara kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da jimla. Akwai ƙamusoshin da za su taimaka, irin Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da ƙamus na Faransanci zuwa Hausa na Bernard Caron da Ahmed Amfani wanda ya fito a 1997, baya ga Larousse da Robert da aka saba gani.

Kaye ɗaya da gwangwani uku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya jira sai watan Mayu, ga zafi ga ɗaukewar wuta, sannan ya ce zai haddace jerin kalmomi 500 cikin mako guda, zai manta mafi yawansu kafin ranar jarrabawa. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba. Almajirin da ya wanke allo ba ya barin karatun baya, kullum yana tilawarsa, domin an san abin da ba a komawa kansa tafiya yake.

Ga yadda za a yi amfani da wannan. A ware kaye ɗaya na kalmomi kawai. Kowace kalma a rubuta ta tare da le ko la ɗinta in suna ce, sai jimlar da aka tsince ta a ciki, sai ma'anarta da Hausa ko da Faransanci mai sauƙi, sai danginta da kishiyarta, a ƙarshe kuma jimla ɗaya da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa a kan abin da ya sani: garinsu, gonarsu, kasuwarsu. Kalmomin kuma a ɗebo su daga darussan ranar da tambayoyin BAC na baya. Jerin da aka turo a WhatsApp, wanda ba a san inda aka samo kalmominsa ba, ba zai yi wannan aikin ba.

Don bita, akwai dabarar da wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya bayyana a 1972, kuma ba ta buƙatar waya ko wuta. A yayyanka kwalin sukari ko na ganyen shayi ƙanana, a rubuta kalma a fuska ɗaya, ma'ana da jimla a ɗaya fuskar. A samu gwangwanin tumatir uku. Sabuwar kalma a gwangwani na farko take shiga, shi ake dubawa kullum. Wadda aka tuna ta wuce na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku. In an sake tunawa ta wuce na uku, na mako-mako. Wadda aka manta, ko daga ina take, ta koma na farko. Sharaɗin shi ne a yi ƙoƙarin tuno ma'anar kafin a juya katin, domin wannan ƙoƙarin ne ke kafa kalmar a kai. Sake karanta shafi sau goma yana sa mutum ya ji kamar ya sani, alhali ganewa kawai yake yi idan ya gani.

Kalma biyar a rana, kwana shida a mako, daga Oktoba zuwa Yuni, ta haura kalmomi 1,000. Minti ashirin ya isa. Dabarar ta fi amfanar ƴan mata, waɗanda da yawansu ba a barin su zuwa ƙungiyar karatu da dare, ga kuma aikin gida. Kati goma a cikin jaka ana iya duba su a bakin murhu, a layin famfo, ko a hanyar makaranta.

Masu karatu a ƙungiya kuwa za su iya sa wa kansu doka ɗaya: kafin kowa ya ɗauki alli, sai wani ya faɗi abin da tambayar ke nema da Hausa, sauran su amince. Da samarin nan na Maraɗi sun yi haka, da rabin awarsu ba ta tafi a banza ba.

Karatu, ko da shafi biyu ne

Kati na riƙe kalma, amma a cikin karatu ake ganin yadda take aiki, kuma sai an haɗu da ita sau da yawa a wurare daban-daban kafin ta zauna. Ba sai an fara da manyan littattafan falsafa ba. Littafin da ɗalibi ke gane mafi yawansa ya fi amfani, musamman wanda labarinsa ya shafi inda ya sani. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin turjiyar sarauniyar Lugu ne ga ayarin Voulet da Chanoine a 1899. Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo ya shafi ƴan ci-rani masu tafiya bakin teku. Akwai Gros plan na Idé Oumarou, da Quinze ans, ça suffit! na Amadou Ousmane, da wasan kwaikwayon Tanimoune na André Salifou a kan sarkin Damagaram. Mai karatun da ya riga ya san ƙasar da mutanenta, hankalinsa zai tafi ga harshen. Daga nan sai a wuce zuwa Mariama Bâ, Ahmadou Kourouma da Cheikh Hamidou Kane, waɗanda za su ba da misalan da ake buƙata a rubutun dissertation.

Inda littafi ya yi wuya, jarida na nan. Tsohon kofi na Le Sahel ko Sahel Dimanche cike yake da kalmomin tattalin arziki, mulki da muhalli, irin waɗanda ke fitowa a tarihi da labarin ƙasa. Rediyo ma malami ne: Muryar Sahel na ba da labarai da Faransanci da kuma harsunan ƙasa. Wanda ya saurari labarin da Hausa, ya kuma saurare shi da Faransanci, ya samu darasin fassara kyauta. Ba sai an tsaya a kan kowace baƙuwar kalma ba. A ja mata layi, a yi hasashen ma'anarta daga zancen, a ci gaba, in an gama shafi a zaɓi uku ko biyar a duba ƙamus.

Turanci ma na jira

Turanci darasi ne a BAC, kuma kundin tsarin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga ɗaliban Maraɗi, Damagaram da Ƙonni da ke hangen jami'o'in Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya, maganar ta wuce darasi ɗaya. A jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB a Najeriya, Turanci dole ne ga kowa, tambayoyi 60 cikin 180, kuma wani sashe nasu kai tsaye a kan kalmomi yake: a nemo mai ma'ana ɗaya ko kishiya.

Mai Faransanci na da riba a nan, domin manyan kalmomin Turanci da yawa daga Faransanci da Latin suka fito, irin nation, justice da production. Amma akwai masu kama da juna da ke yaudara. Librairie shagon sayar da littattafai ne, library kuwa ɗakin karatu. Actuellement na nufin yanzu, actually na nufin a gaskiya. Waɗannan su ma sun cancanci shafinsu a kaye.

Rabon malamai da iyaye

Sabon matsayin Hausa bai sauya harshen takardar BAC ba tukuna. Ƴan taraminal na bana da Faransanci za su karanta tambayoyin lissafi, kimiyya da tarihi, da shi kuma za su amsa. Don haka aikin kalmomi bai kamata a bar wa malamin Faransanci shi kaɗai ba. Malamin lissafi ne ya fi kowa sanin abin da "au plus" da "si et seulement si" ke nufi, malamin kimiyyar rayuwa ne zai bambanta "analyser" da "interpréter". Minti biyar a farkon darasi, a rubuta kalmomi uku a gefen allo, a nemi wani ɗalibi ya bayyana su da bakinsa, ba zai hana kammala tsarin karatu ba. A aji mai cunkoso, ɗalibai da yawa na jin kunyar ɗaga hannu su ce ba su san kalma ba, don kada a yi musu dariya. Malamin da ya fara tambayar da kansa ya ɗauke musu wannan nauyi.

Iyaye ma, ko da ba su taɓa shiga lakkwal ba, suna da abin yi. Uwa za ta iya cewa ɗiyarta ta faɗa mata da Hausa abin da aka koya yau, ta kuma yi mata tambaya in ba ta gane ba. Uban da ke da halin sayen waya zai iya sayen ƙaramin ƙamus, ko na hannu ne, a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin kasuwa. Yayyen da suka riga suka ci BAC kuwa, maimakon su bar wa ƙannensu kayen darussa kaɗai, su zauna da su su bi tambayoyin shekara biyar da suka wuce, suna ja wa kowace kalmar umarni layi.

Kafin in bar unguwar a wannan dare, samarin sun goge allon, sun bar kusurwa ɗaya. A nan ɗayansu ya rubuta au moins, au plus da exactement a jere, a gaban kowace ya sa ma'anarta da Hausa: aƙalla, bai wuce ba, daidai-wa-daida. Sun amince kada a goge wannan kusurwar har ranar jarrabawa, kuma duk wanda ya tsinci wata kalmar da ta ruɗe shi ya zo ya ƙara a ƙasa. Daga nan aka zuba shayin da ya daɗe yana jira, suka koma tambaya ta gaba.